Mene ne ƙari a ƙwaƙwalwa?

Ƙari tsiro ne da ke fitowa cikin ƙoƙon kai idan ƙwayoyin halitta suka yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wani sankara ne, wani kuwa ba ya yaɗuwa, amma ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka kowanne na iya danne ƙwaƙwalwa. Alamominsa su ne ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, dusashewar gani, da farfaɗiya ga babban da bai taɓa yi ba. A nan ake yawan cewa iska ce, a yi ta rubutu da hayaƙi har lokaci ya ƙure.

Hoton MRI ke nuna tsiron, sannan a yi tiyata, wani lokaci a bi da gashin haske.

A Sudan, alal misali, wajen samun wannan jinya mutanen Mai Wurno da ƙauyukan Jazira sun dogara da Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar suka kama garin a Disambar 2023, jinya ta katse wa mutane da yawa.

Wanda ya tashi daga ciwon ma da sauran aiki. Wani sai ya sake koyon riƙe cokali, wani ya riƙa manta sunan ɗansa, matarsa na ƙirga masa ƙwayoyin farfaɗiya safe da yamma, ga bashin magani, ga gona ba mai nomawa.