Hunturu Ya Shigo: Magana ga Masu Hawa Babur

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, jaura kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zo ta juye mana. Mai mota sai ya ɗaga gilas abinsa. Mu kuwa da ke zuwa laccar ƙarfe takwas a kan babur, ko namu ko na goyo, da ƙirji muke tarar ta. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina hawa shi ne, dabarun da muke yi don guje wa sanyin sun fi sanyin kansa haɗari.

Mu fara da hannu. Sanyin da kake ji a tsaye daban yake da wanda za ka ji a guje. Idan gari ya waye a digiri 10, kai kuma kana tafiyar kilomita 60 a awa, jikinka zai ji kamar digiri 5 ne. Da jiki ya ji haka sai ya rage jinin da yake aikawa yatsu don ya ɗumama ciki, yatsun su sandare. To, su ɗin ne fa ke kama birkin gaba da kuloci. Shi ya sa za ka ga ɗan'uwa ya cusa hannun hagu a aljihu ko a hammata, wani ma ya kai shi jikin inji yana jin ɗumi, yana tuƙi da hannu ɗaya wai shi gwani. Akuya ɗaya ta gifta, shi ke nan. Safar hannu ta gwanjo ba ta da tsada. Sai dai a nemi ta fata ko mai roba a tafi, domin ta ulu zalla santsi take yi a kan totur, iska kuma ratsa ta take.

Sai fuska. Ana naɗe kai da rawani ko hular sanyi har a toshe kunne, a bar 'yar kafa ta ido. Ba ka jin hon, ba ka ganin gefe, iska na sa ka hawaye kana ƙifce-ƙifce. Alhali hular kwano mai gilas ta gama maganin duk wannan: ta tare iska, ta tare ƙura, ta tare kai. Na sani, ba a son ta. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don shaƙiyanci. Amma ko ba don kwalta ba, a hunturu babu hular da ta kai ta ɗumi. A ɗaure igiyarta, a goge gilas ɗin da tsumma mai ɗan danshi, don busasshe karce shi yake yi. In numfashi ya sa ya yi tururi, a ɗan ɗaga shi kaɗan.

'Yan'uwana mata, wannan taku ce, har da mu masu babbar riga. Lokacin sanyi ne ake ƙara mayafi a kan hijabi, wata har da ɗan bargo. Duk abin da ya sauko kusa da tayar baya, sarƙa ko wayoyin taya na iya cafke shi, kuma in sun kama, da wuya suke fizgar mutum. Kafin a tashi ki tattare komai ki danne a cinya. Kai mai goyo, waiwaya ka duba, ba rashin kunya ba ne. Riguna biyu ko uku da suka kama jiki, da jaket mai tare iska a sama, sun fi lulluɓi ɗaya mai kaɗawa.

Hazo kuwa lissafi ne, mu kuma 'yan kimiyya da fasaha ne. A gudun kilomita 60, kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Birkin kansa zai ci wajen mita 20 a kwalta mai kyau. Jimla, kusan mita 40, ga wanda hannunsa ke lafiya lau ke nan. Idan hazo da hayaƙin masu jin ɗumi a bakin titi ba su bar ka ka hango abin da ya fi haka ba, to tirelar da ta lalace a gaba ba alama, ko amalanken mai rake, sai dai ka ji ka a jikinsu. Rage gudu zuwa 30, nisan birkin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kunna fitila ko da rana ta fito, amma ƙaramar, don babbar hasken ƙurar kawai take dawo maka da shi a ido. Ka kuma tabbata jar wutar baya na aiki. Ita ce ke gaya wa na bayanka kana nan.

Iskar kan tara yashi a gefen titi da shataletale. Taka birki tun kana miƙe, kafin kwana. Matse birkin gaba a kan yashi alhali babur ya kwanta, faɗuwa ce ba makawa.

Shi ma babur ɗin yana jin hunturu. Da safe ja cok, bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu, sannan ka mayar da cok ɗin. Zuga totur a kan inji mai sanyi cin sa yake yi, tunda baƙin mai bai gama zagayawa ba. Ƙura na toshe filta, ta kuma haɗu da man sarƙa ta zama kamar fayil, saboda haka a wanke, a sake sa mai a kai a kai. Iskar taya na raguwa in gari ya yi sanyi. Ka biya wurin mai faci na bakin get ya auna maka da geji, ba da matsawar yatsa ba, kuma da safe, kafin taya ta ɗau zafi.