Gawar Tauraro a Bayan Walƙiya

Ranar 2 ga Yuli, 1967, taurarin ɗan'adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, suka kama wata walƙiya ta hasken gama. Ba bam ba ne, kuma ba daga Rana ta fito ba. Sai a 1973 aka sanar da duniya. Irin wannan walƙiya kan zo ta wuce cikin daƙiƙoƙi ba ta bar sawu ba, shi ya sa masana suka daɗe suna ja-in-ja kan mafarinta.

An kamo bakin zaren ranar 28 ga Fabrairu, 1997. Tauraron ɗan'adam BeppoSAX na Italiya da Holan ya nuna gurbin wata walƙiya da wuri, aka juya na'urorin hangen nesa can, aka tarar da ragowar haskenta yana dusashewa. A watan Mayu aka auna nisan wata, sai ga biliyoyin shekaru na tafiyar haske. To, mene ne ke iya wannan aman wuta?

Tun 1993 masani Stan Woosley ya ce ƙaton tauraro ne cikinsa ke ruftawa ya zama baƙin rami, wuta ta feso ta gefe biyu. In haka ne, ana iya sa ran ganin supanoba, wato tarwatsewar gangar jikin tauraron. An kuwa ga wata, SN 1998bw, a gurbin walƙiyar 25 ga Afrilu, 1998. Sai dai walƙiyar ba ta da ƙarfi, wasu suka ce katari ne kawai.

Cikas ɗin ganin supanoba shi ne ragowar hasken walƙiyar kansa. Duk wanda tirela ta taɓa dalle wa fitila a garejin Ojota da dare ya san ba ya ganin aci-balbal ɗin mai shayi da ke gefenta sai direba ya rage wuta. Ita supanoba tana da nata lokacin. Sinadarin nikel-56 da fashewar ta ƙera yana rikiɗa zuwa kobalt, rabinsa cikin kwana 6, zafinsa na hura tarkacen har haske ya kai ƙololuwa bayan mako biyu zuwa uku. Ragowar walƙiya na sauka, ita tana hawa.

Ranar 29 ga Maris, 2003, tauraron ɗan'adam HETE-2 ya kama wata walƙiya mai ƙarfin gaske, daga nisan shekaru biliyan 2 da ɗoriya na tafiyar haske. Daren farko aka rarrabe haskenta launi-launi, ba a ga komai ba sai santsi. Aka ci gaba da dubawa dare bayan dare. Bayan kamar mako guda tudu da kwari suka fara ɓullowa a awon, sak irin na 1998bw, faɗinsu na nuna tarkace mai gudun sama da kilomita 30,000 a daƙiƙa. Aka raɗa wa wannan supanoba suna SN 2003dh. Wannan hujja ta gamsar da ni matuƙa, domin an faɗi kamannin abin da za a gani tun kafin ya fito.

Amma ba kowace doguwar walƙiya ce ta bi wannan hanya ba. Ta 14 ga Yuni, 2006 ta ɗauki daƙiƙa 102, tana kusa yadda supanoba ba za ta iya ɓuya ba. Aka jira makonni, ba ta fito ba. Yanzu masana da dama na ganin karon gawarwakin taurari biyu ne ya haifar da ita.