Rumbun intanet: ya isa a ba shi ajiyar takardunmu tsakanin Kontagora da kudu?

Duk ɗan Kontagora da ke neman abinci a kudu, rayuwarsa a rabe take gida biyu. Shago yana Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, amma takardar fili da ta gona da ta shaidar ƙaramar hukuma suna cikin akwati a gida. Yaro ya samu gurbin karatu a Legas, a ce ya kawo shaidar asalinsa, sai a shiga neman direban da zai biyo ta Mokwa da Jebba da Ilorin ya kawo ta. Ni a nan Kontagora nake sana'ar gyaran waya da buga takardu, kuma tambayar da 'yan uwa mazauna kudu suka fi yi min idan sun zo ganin gida ita ce: wannan ajiya ta intanet da ake ta faɗa, abin dogaro ce kuwa? Amsata ita ce eh, abin dogaro ce, sai dai rauninta yawanci a ɓangarenmu yake, wato hanyar isa gare ta da kuma makullinta.

Mene ne rumbun intanet?

Turawa suna kiransa gajimare, amma babu abin da ke sama. Manyan kwamfutoci ne jere a cikin gine-gine masu sanyi da wuta dare da rana, mallakar kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft da Dropbox. Idan ka ɗora hoton takardarka, kwafinta ne ya bar wayarka ya je ya zauna a kwamfutar wani. Tsofaffin fataken shanu da goro sun san irin wannan tsari, domin a wurin mai masauki suke barin kuɗi da kaya a Sabo su koma arewa. Tambayoyin da bafatake ke yi game da mai masauki su ne dai za mu yi a nan: yana riƙe amana? In na zo nema zan samu a kan lokaci? Wa kuma ke iya taɓa kayana?

Kowane kamfani yana ba da ɗan wuri kyauta. Google na ba da giga 15, wanda Gmail da Drive da hotuna suke rabawa tare. iCloud na masu iPhone giga 5 ne, OneDrive ma giga 5, Dropbox kuwa giga 2. Ga mai ajiye takardu kawai, wannan ya ishe shi shekaru. Bidiyon biki ne ke cinye wuri.

Riƙon amana

Dalilin da ya sa nake ba mutane shawarar wannan ajiya ba boyayye ba ne. A watan Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya ƙone shaguna da gidaje. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta share unguwanni a Mokwa, nan cikin jiharmu ta Neja, mutum fiye da 150 suka rasu. A ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama kuwa, mutane da yawa sun baro gidajensu saboda 'yan bindiga, daga su sai kayan jikinsu. A irin wannan yanayi babu mai tsayawa ɗaukar akwatin takardu, kuma wayar ma sau da yawa tare take tafiya. Abin da ke rumbun intanet shi ne wuta da ruwa da ɓarawo ba su kai gare shi ba.

Manyan kamfanonin nan ba kwafi ɗaya suke ajiyewa ba, suna rarraba shi a na'urori da dama, ta yadda in ɗaya ta lalace saura na nan. Duk da haka ba a ce ba sa samun tangarɗa ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Faransa, kuma wasu da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar kayansu har abada. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload rana ɗaya, masu ajiya a ciki suka wayi gari ƙofa a garƙame. Darasin shi ne ka zaɓi babban kamfani sananne, ka kuma guji manhajar da ba ka san mai ita ba wadda ke yi maka alkawarin wuri mai yawa kyauta.

Akwai kuma ƙa'idojin da yawancinmu ba mu karantawa. Tun Disambar 2023 Google na da ikon goge asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba. Idan giga 15 ɗinka ta cika, ajiya za ta tsaya, imel ma ya daina shigowa. Daga 2024 kwafin hirar WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin lissafin wannan giga 15, shi ya sa wasu suka ga wurinsu ya cika ba su san dalili ba. Sannan ga abin da ya fi cin mutane: a wasu tsare-tsaren, waya da rumbu suna tafiya tare ne, in ka goge abu a waya to ya gogu a can ma. A Drive abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30, bayan nan shi ke nan.

Sauri

Ɗan uwa a Ikeja zai turo takarda ya kira bayan minti ɗaya yana faɗa, wai me ya sa ba a buɗe ba. Malam, Legas daban, Kontagora daban. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, har da Equiano na Google da ya iso a 2022, kuma manyan gine-ginen ajiyar bayanai na ƙasar nan irin su Rack Centre a can suke. Mu a nan sai saƙo ya bi dogon zango kafin ya zo kan turken sabis na unguwa, turken da shi ma sai da wuta ko dizal yake aiki. Cikin gari da dama-dama, amma da ka nufi wajen Bangi ko Nasko, akwai inda sai an nemi tudu.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗorawa ta fi saukewa nauyi a yawancin layukan waya. Idan saurin ɗorawarka megabit 1 ne a daƙiƙa, hoto mai nauyin megabait 3 zai ɗauki daƙiƙa 24, amma bidiyo mai giga 1 zai ci fiye da awa 2. In saurin ya kai megabit 10, wannan bidiyon bai wuce minti 14 ba. Don haka takardu ba sa wahalar hawa ko a sabis mai rauni. Kuma tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, bai kamata ka bar waya tana ɗora kowane bidiyo da kanta da datarka ba. Shiga saiti ka kashe wannan, ka zaɓi abin da zai hau da hannunka.

Wani lokaci kuma hanyar gaba ɗaya ke yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka rikice a Nijeriya na kwanaki. A Satumbar 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, an kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan rana kayanka na nan lafiya a rumbu, amma ba ka da hanyar zuwa. Saboda haka takardar da ka san za a iya tambayarka a hanya ko a ofis, ka sauke kwafinta ta zauna cikin wayar.

Tsaro

Kamfanonin suna kulle bayanai da lissafin sirri, a kan hanya da kuma a ma'ajiya. A asusun yau da kullum su ma suna riƙe da makulli, kuma kotu na iya sa su buɗe. An taɓa yi musu kutse: a 2016 aka gano cewa an sace bayanan shiga na asusun Dropbox kusan miliyan 68 tun a 2012. Amma abin da nake gani a teburina kullum ya fi wannan sauƙi. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail, ya ƙirƙiro kalmar sirri, mai waya bai tambaya ba, yaron ma ya manta ko kuma bai manta ba. Ran da wayar ta faɗi ko aka sace, hotuna da takardu suna nan a rumbu, mai su ba shi da makulli.

Na biyu shi ne layin waya. Yawancin asusu da lambar waya ake dawo da su. Wanda ke da layi biyu, ɗaya na kudu ɗaya na gida, yakan jefar da na gidan a aljihun jaka wata da watanni. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya rufewa ya sake sayar wa wani, kuma an toshe layuka masu yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN. In lambar da ke kan asusunka ta koma hannun baƙo, saƙon dawo da kalmar sirri wurinsa zai je.

Na uku, 'yan damfara. Za a kira ka a ce daga banki ne ko daga wata ƙungiyar tallafi, a ce ka karanto lambobin da suka shigo maka yanzu. Waɗannan lambobi su ne makullin. Babu kamfanin kirki da zai kira ka ya nema.

Abin da nake ba da shawara

Ka ware rana ɗaya ka ɗauki hoton muhimman takardunka a wuri mai haske: ta fili, ta gona, yarjejeniyar hayar shago, rasit na manyan kaya, takardun haihuwa da na makarantar yara, da shafukan littafin bashi. Ka ba kowace suna da shekara, don kada ka yi ta lalube cikin hotuna dubu. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali a kotu ko a ofishin filaye, amma lambar fayil da kwanan wata da sunayen shaidu da ke jikinsa su ne za su taimaka a sake fitar maka da wata.

Ka ajiye kwafi uku: ɗaya a rumbun intanet, ɗaya a waya, ɗaya a memori ko filashi da ke wani gari daban. In kana Legas, na ukun ya zauna a Kontagora wurin wanda ka amince da shi.

Ka canza kalmar sirrin da wani ya yi maka, kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da za ka iya shiga da su ko layi ya ɓata, ka rubuta su a takarda ka adana. Ka duba lambar da ke kan asusun, ka tabbata layin da kake kira da shi kullum ne. In ka shiga asusunka a kwamfutar shagon buga takardu, ko nawa ne, ka fita kafin ka tashi. In za ka tura wa wani takarda, ka tura masa shi kaɗai, kada ka buɗe ta ga duk wanda ya samu mahaɗin, domin mahaɗi na yawo a zaurukan WhatsApp.

Daga ƙarshe, a tuna da magada. Ɗan kasuwa na iya rasuwa a kudu, bayanin waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa yana kulle a asusun da babu wanda ya san makullinsa. A saitin asusun Google akwai inda za ka sa sunan amintacce wanda za a ba damar sauke bayananka idan an daɗe ba ka shiga ba. In wannan ya yi maka wuya, rubuta adireshin imel da kalmar sirri, ka sa a ambulan, ka liƙe, ka ba uwargida ko babban ɗa ko wanda kake ba ajiyar kuɗi.