Allon Farashin Hannun Jari: Abin da Yake Nuna wa Mai Zuba Jari da Abin da Yake Ɓoyewa

YOLA — Lokacin da Kasuwar Hada-hadar Hannun Jari ta Nijeriya ta buɗe reshenta a Yola cikin shekarar 2002, bayan rassan Kaduna na 1978 da Kano na 1989, ciniki ya riga ya koma kan na'ura. Kafin 1999, ana kiran sunayen kamfanoni ne ɗaya bayan ɗaya, dillalai na tayawa da baki. Daga wannan shekara kwamfuta ta karɓi aikin, farashi ya riƙa fitowa a allo nan take.

Amfanin babban allo a fili yake. Yakan tara ɗimbin kamfanoni wuri guda, kowa ya ga farashi ɗaya a lokaci ɗaya, wanda hakan ke rage damar ɓoye wa mai saye gaskiyar ciniki. Sai dai ma'aunin ingancinsa shi ne ko ya taimaka wa mai dubawa ya yanke shawarar da ta dace.

Shekarar 2008 ta gwada wannan. A watan Maris, ma'aunin darajar kasuwar ya haura maki 66,000, jama'a da dama kuwa suka ci bashin banki don sayen hannun jari, ganin farashi na ta hawa. Da kasuwar ta fara faɗuwa, sai a watan Agusta hukumomi suka taƙaita saukar farashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari a rana. Allo ya ci gaba da nuna farashin da bai faɗi sosai ba, alhali masu saye sun janye, mai son sayarwa ya rasa wanda zai taya. An soke dokar a watan Oktoba, kuma kafin shekarar ta ƙare ma'aunin ya sauko zuwa maki 31,450.

Saboda haka ɗan kasuwar Jimeta da ke duban irin wannan allo, ko a ofishin dillali ko a wayarsa, ya kamata ya nemi abu uku: yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu a ranar, tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da kuɗin da mai sayarwa ke nema, da kuma lokacin da aka sabunta alƙaluman. Ribar kamfani da bashin da ke kansa kuwa, sai a rahotonsa na shekara-shekara ake samunsu, kuma shi ya dace a karanta kafin a fitar da kuɗi.