Kujerar Gokat da Nauyin Direba

Gokat ƙaramar motar tsere ce da Art Ingels ya fara ƙerawa a Kalifoniya ta Amurka a 1956. Ba ta da shokazoba, ƙasanta kuma dab yake da kwalta. A kanta Ayrton Senna da Lewis Hamilton suka koyi tsere tun suna yara, kafin su kai ga Formula 1.

A mota ta gida, direba ɗan kaso ne na nauyinta. A gokat kuwa, babban mutum ya kusa rabin nauyin da tayoyi ke ɗauka. Shi ya sa idan aka gusa kujerarsa da santimita ɗaya kacal, sai tuƙin ya canza.

Sirrin yana tayoyin baya. Aksul guda ne ya haɗa su, dole su juya tare da gudu ɗaya. Amma a kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Idan duka biyun suka ci gaba da riƙe ƙasa, sai su tura motar ta miƙe, ko da direba ya murɗa sitiyari. Mafita ita ce tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga sama. Nauyin direba da ke karkata zuwa waje, tare da lanƙwasar ƙarfen jikin motar, su ne ke ɗaga ta. Shi ya sa ake hana sabon direba kwantawa cikin kwana irin ta mai babur. Yin haka danne tayar da ake so ta tashi ne.

Masu gyara sukan ɗora motar da direbanta a kan sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Abin da aka fi nema shi ne kusan kashi 43 cikin ɗari a gaba, 57 a baya. Kujera ta yi baya da yawa, gaba ya yi sakayau, motar ta ƙi shan kwana. Ta yi gaba da yawa, baya ya riƙa zamewa, musamman wajen taka birki, domin a yawancin gokat birkin baya kaɗai ake da shi. Da yake injin yana gefen dama, akan ɗan karkatar da kujera hagu don nauyi ya daidaita.

Tsayin kujera ma nasa ne daban, kuma a ganina shi aka fi rainawa. Dogon mutum yana jefa nauyi waje da ƙarfi, har taya ta ɗaga fiye da kima motar ta riƙa tsalle a kwana. Shi sai a sauke masa kujera a kwantar da ita. Yaro marar jiki kuwa ɗaga tasa ake yi.

Kowane rukunin gasa yana da mafi ƙarancin nauyi. A rukunin KZ2 kilo 175 ne, mota da direba. Wanda bai kai ba sai a ɗaure masa dalma a jikin kujera. Ranar ruwa, da kwalta ke santsi, akan mayar da dalmar sama don tayoyin waje su ƙara cizon ƙasa.