CIWON HUHU DA DABBOBIN GIDA

Uwargida, ga abin lura.

Mafi yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda ciwon huhu, watau namoniya, daga wurin mutane suka ɗauka ta hanyar tari da atishawa. Kaɗan ne daga cikinsu suka samo shi daga dabbobi. Amma wannan kaɗan ɗin yakan ɓoye wa likita, don alamunsa iri ɗaya ne: zazzaɓi, tari, ciwon kai da ciwon ƙirji.

TA INA YAKE ZUWA?

1. Awaki, tumaki da shanu. Lokacin haihuwa ko ɓari, ƙwayoyin cuta suna cika cikin mabiyiya da ruwan haihuwa. In sun bushe sai su bi ƙura, mutum ya shaƙa. Ciwon yakan fito bayan mako 2 zuwa 3. Yana iya jawo wa mai ciki ɓari.
2. Aku, tattabaru da agwagi. Ƙurar busasshen kashinsu tana kawo zazzaɓi da tari cikin kwana 5 zuwa 14.
3. Ɗanyen madara. Tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu.

GAYA WA LIKITA

Ba kowane magani ke kashe waɗannan ƙwayoyi ba. Wanda aka saba bayarwa don namoniya yana iya kasa yin aiki. Saboda haka in akuya ta haihu ko ta yi ɓari a gidanki, ko tsuntsaye suna mutuwa, faɗa tun ba a tambaye ki ba.

ABIN DA ZA KI YI

- Kada mai ciki ta karɓi haihuwar dabba.
- A binne mabiyiya da zurfi, a wanke hannu da sabulu.
- Yayyafa ruwa kafin ki share turke ko akurki.
- Tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo.
- Kada yara su kwana ɗaki ɗaya da dabbobi.

ƘIRGA NUMFASHIN ƊANKI NA MINTI ƊAYA

Ƙasa da wata 2: 60 ko fiye.
Wata 2 zuwa 11: 50 ko fiye.
Shekara 1 zuwa 5: 40 ko fiye.

In ya kai haka, ko haƙarƙarinsa na faɗawa, ko ya ƙi nono, kawo shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Ki zo da katin rigakafinsa.