Tsohuwar Mota a Zafin Doha: Gyaran da Ya Ƙi Ƙarewa

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau mun yada zango a Doha, babban birnin ƙasar Katar. Titunan birnin cike suke da sababbin motoci fil a leda, amma mu wajen tsofaffin muka nufa, da mutanen da suka ɗaura aniyar gyara su da hannunsu, da kuma irin takaicin da suke kwasa.

[Ƙarar injin mota yana ƙoƙarin tashi, sai ya mutu]

Duk wanda ya taɓa mallakar tsohuwar mota ya san wannan ƙara. Ita ce ƙarar da ke sa magidanci ya naɗe hannun riga, ya ce wa iyalinsa minti goma kawai zai yi, amma har a kira magariba kansa na cikin bonet.

Mutanen Katar suna son tsohuwar mota so na gaske. Idan ka bi hanyar Dukhan, yamma da Doha, za ka iske gidan tarihin Sheikh Faisal bin Qassim Al Thani a Al Samriya, wanda aka kafa a 1998, mai ɗauke da tsofaffin motoci sama da 600. Idan sanyi ya shigo kuma, akan yi baje-kolin irin waɗannan motoci a tsibirin Pearl. Nan za ka ga Marsandi da Kadilak da Land Cruiser na zamanin kakanni suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Mai kallo ya koma gida da sha'awa, ya fara neman tasa. Abin da bai gani ba shi ne yawan hannayen da suka taru kafin kowace mota ta kai wannan matsayi.

Abin da ke jan mutum ga gyaran da kansa a fili yake. Yawancin motocin shekarun 1970 ba su da kwamfuta. Ka ɗaga bonet, ga kafireta, ga fulogi, ga lagireto, ga fanbel, har ƙasa kana hangowa ta gefen inji. Sai zuciya ta ce maka ai wannan ba sai an kai wa bakanike ba. Daga nan labari ke farawa.

[Gajeren kiɗa]

Matsala ta farko, tun kafin ka ɗauki sufana: a ina za ka yi aikin? A Kano ko Maraɗi, inuwar darbejiya a ƙofar gida ta wadatar. A Doha mafi yawan mazauna baƙi ne 'yan haya, motarsu tana kwana a filin ajiya na bene, inda masu gini ba sa son ganin ɗigon baƙin mai a ƙasa. Idan kuma ka bar ta a bakin titi kan duwatsu babu tayu, ƙura ta rufe ta, jami'an Baladiya, wato hukumar birni, za su manna mata takardar gargaɗi, daga baya a janye ta a matsayin motar da aka yasar.

Ko ka samu wurin, sai rana ta yarda. A watan Yulin 2010 zafin Doha ya haura digiri 50. Dokar ƙasar ma ta hana sa ma'aikata aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Sufanar da ka ajiye a rana ba za ka iya ɗauka da hannu ba. Da dare kuma tururin teku ne, gumi ya jiƙa ka sharkaf, ƙarfe yana sulɓewa daga tafinka. Saboda haka lokacin gyara na gaskiya shi ne watannin sanyi, a ranakun hutu, Juma'a da Asabar. Aikin da gareji zai gama cikin mako guda, kai sai ya ci maka shekara.

To, a ce ka samu inuwa, ka samu lokaci. Yanzu mu matsa kusa, mu dubi noti guda ɗaya, irin wanda ke riƙe da bakin salansa a jikin inji. Shekara arba'in ke nan yana shan wuta yana hucewa, tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ka ɗora sufana lamba 13, ka ja. Ta zame. Dalili? Idan motar ƙirar Amurka ce ta wancan zamani, notinta da inci aka auna shi, rabin inci kuwa milimita 12.7 ne. Wannan ɗan bambanci ya isa ya gwigwiye kusurwoyin notin, ya mai da shi mulmulalle. Ka fesa mai, ka jira, ka samo sufanar da ta dace, ka zura mata bututu don ƙarin ƙarfi. Sai ka ji ƙas! Ƙarfen ya karye, rabinsa ya maƙale a cikin kan inji. Yanzu sai an huda shi da injin huda ƙarfe, kuma idan hannu ya karkace kaɗan, kan injin gaba ɗaya ya shiga uku. Gyaran da aka fara don toshe ɗan huci ya koma sauke inji.

[Ƙarar guduma a kan ƙarfe]

Abin da tsatsa ta bari, zafi ya ƙarasa. Duk wata roba a jikin motar ta bushe: tiyon ruwa, tiyon mai, robar birki, rigar wayoyin lantarki. Ka canja tiyo ɗaya, ruwa ya samu ƙarfi, ya fasa na kusa da shi. Ka taɓa waya ɗaya, rigarta ta ruɓushe a hannunka.

Akwai kuma wata cuta da ke ruɗa sabon shiga. Mota tana tafiya lafiya, ka tsaya sayen shayin karak, ka dawo ta ƙi tashi. Ka canja fulogi, ka canja batir, a banza. Ashe fetur ne ya tafasa a cikin bututu saboda zafin inji da na kwalta, ya zama tururi, tsohon famfon mai kuwa ba ya iya tura tururi. Da motar ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba, ta bar ka da kayan da ka saya ba gaira ba dalili.

Na'urar sanyaya mota ma da tata rigimar, kuma a Doha ba kayan ado ba ce. Tsofaffin motoci da iskar R12 suke aiki, wadda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya. Mayar da na'urar kan iskar R134a yana buƙatar canja mai da robobi, kuma sai da kayan aikin da ba a ajiyewa a gida.

[Gajeren kiɗa]

Sai batun kayan gyara, kuma a nan ne Bahaushe mazaunin Doha zai yi kewar gida. Ku tuna da Fijo 504. A Faransa ta fito a 1968, kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan Turawa sun daina. Shi ya sa har gobe idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da lalataccen ƙarfe a hannu, wani zai karɓa ya jujjuya shi, ya kira yaronsa ya ce a duba bayan shago. Idan babu, a Panteka ta Kaduna akwai mai ƙera maka irinsa. A can tsohuwar mota abin neman abinci ce, don haka kasuwa ta rayu a kanta.

A Doha kuwa tsohuwar mota abin sha'awa ce. Unguwar masana'antu da ake kira Sana'iyya cike take da gareji da shagunan kaya, titi bayan titi, amma cinikinsu ya fi karkata ga motocin da ke kan hanya yau. Mai tsohuwar mota yakan koma intanet, ya yi oda daga Jamus ko Japan ko Amurka. Wasu kamfanonin sun taimaka: Mercedes-Benz na da cibiyar tsofaffin motocinsa a Fellbach kusa da Stuttgart, Toyota kuma ya sanar a 2021 cewa zai sake ƙera wasu kayan Land Cruiser 40, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984. Duk da haka sai ka biya kuɗin jirgi da wani lokaci ya fi kuɗin kayan, ka yi makonni kana jira, ka buɗe kwali, ka tarar ramin noti ya goce da ɗan yatsa, domin na shekarar da ke gaba da taka aka aiko.

Bayan duk wannan, akwai alƙali a gaba. Kafin a sabunta takardar mota, wadda suke kira istimara, sai an kai tsohuwar mota cibiyar Fahes an duba birki da fitilu da hayaƙi da ƙarƙashinta. Na'urar gwaji ba ruwanta da daren da ka raba kana kwance a ƙasa. Idan birkin hagu ya fi na dama kamu, ka koma ka sake.

[Kiɗa a hankali]

To jama'a, mene ne abin ɗauka? Gaskiya ne an ƙera waɗannan motoci yadda hannu zai iya gyara su, amma ba hannun mutum ɗaya ba. A zamaninsu kowace unguwa tana da mai kafireta, da mai wayarin, da mai walda, da mai bugun bodi, kowa da fanninsa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gyara shi kaɗai a Doha yana ƙoƙarin zama dukkan waɗannan mutane ne a lokaci guda, cikin zafi, a wurin aro.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun san iyakarsu. Juyen baƙin mai, canja fulogi da matatar iska, wanke kafireta, wannan naka ne, kuma a nan daɗin yake. Birki, sitiyari, walda kusa da tankin mai, da cikin inji, a bar wa masu su, domin kuskure a nan rai yake ci. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hotonsa da waya, kowane noti ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka nemi littafin gyaran motar na ainihin shekararta. Sannan ka nemi dattijon bakaniken da ya koyi sana'a a kan irinta, ka riƙe shi da mutunci, domin irinsu raguwa suke yi, a Sana'iyya da Ƙofar Ruwa baki ɗaya. Matasan da ke tasowa da na'urar gwajin kwamfuta suka saba, kaɗan ne cikinsu ke iya saita inji da kunne.

Idan kuma yanzu kake shirin saye, kafin ka tambayi farashi ka tambayi kanka abu uku: ina zan ajiye ta, ina zan samu kayanta, wa zan kira idan na maƙale? In ba ka da amsar ko ɗaya, ka dakata tukuna.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

[Kiɗan rufe shiri]